Mudun da Ake Auna Ci Gaban Mata: Nazari a kan Ƙididdigar Raya Ƙasa a Kudancin Jihar Kano

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1975, sa'ad da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron farko na matan duniya a birnin Meziko, masana suke ta neman hanyar auna matsayin mata da alƙaluma. A 1995, shekarar taron Beijin, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar ta fito da ma'aunai biyu domin wannan aiki. A 2010 ta kawo wani sabo, watau ma'aunin rashin daidaito tsakanin maza da mata. A 2015 kuma aka tsara muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, aka keɓe na biyar ga sha'anin mata.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu ɗauki wannan mudu na 2010 mu gwada shi a ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, mu ga abin da yake kamawa da abin da yake zubarwa. Batun ya wuce gardamar malamai, domin da irin waɗannan alƙaluma ne ake tsara kasafin kuɗi, da su ake zaɓen inda za a gina makaranta ko asibiti, da su kuma ake raba rance da takin zamani. Wadda ba ta shiga lissafi ba, da wuya ta shiga rabo.

2.0 Abin da Ma'aunin ya Ƙunsa

Ma'aunin ya tsaya ne a kan abubuwa biyar: yawan mata masu rasuwa wajen ciki da haihuwa, da yawan haihuwa a tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, da kason mata a majalisar dokoki ta ƙasa, da yawan waɗanda suka taɓa karatun sakandare, da yawan waɗanda suke cikin masu aiki ko neman aiki. A Nijeriya akan samo akasarin waɗannan alƙaluma daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Za mu duba su ta fuska huɗu.

3.0 Faɗin Wurin da Ake Aunawa

Matsala ta farko ita ce, alƙaluman ba sa saukowa ƙasa sosai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa mata 512 ne suke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Wannan adadi na Nijeriya ne gaba ɗaya. Sauran sakamakon binciken yakan tsaya a matakin shiyya ko jiha. Jihar Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta, kuma idan aka haɗa matar da take Fagge, kusa da manyan asibitocin birni, da matar da take ƙauyen Doguwa bayan dajin Falgore, aka fitar da matsakaici, to adadin da zai fito bai siffanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

An ɗan matsa gaba a binciken halin mata da yara na 2016 zuwa 2017, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da UNICEF, inda aka faɗaɗa samfurin Kano da Legas har aka sami alƙaluma na kowace mazaɓar ɗan majalisar dattijai. Wannan abin yabo ne. Amma Kano ta Kudu kaɗai ƙananan hukumomi 16 ce, daga Wudil da Gaya har zuwa Rogo da Doguwa, saboda haka har yanzu wurarenmu huɗu suna narkewa cikin taro.

Bugu da ƙari, kowane kaso cikin ɗari yana bukatar a san jimillar mutanen da ake magana a kansu. Ƙidayar da ake dogara da ita ita ce ta 2006, an kuwa ɗage wadda aka shirya yi a 2023. Ke nan duk wanda ya ce kashi kaza na 'yan matan Ƙiru suna makaranta, saman lissafinsa rijista ce, ƙasansa kuwa kintace ne da aka ɗora a kan tsohuwar ƙidaya.

4.0 Aikin da ba ya Shiga Littafi

A nan ne muke ganin ma'aunin ya fi rauni. Tun a 1969 Polly Hill ta nuna, daga bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, cewa matan kulle suna da kasuwa tasu a cikin gidaje, suna sayar da hatsi da dafaffen abinci, yara suna kai da kawowa. Enid Schildkrout ta ga irin wannan a birnin Kano a shekarun 1970. Wanda ya san Tudun Wada ya san rawar da mata suke takawa wajen gumar shinkafa kafin a kai ta inji. A Bebeji da Ƙiru mata suna matsar man gyaɗa, suna toya ƙuli-ƙuli, suna daddawa, suna kiwon awaki da tumaki, suna adashi. Matan Fulani suna kai nono da man shanu kasuwa. A unguwannin Maguzawa mata suna fita gona, suna noma gandu suna kuma noma gayaunarsu.

Me ya sa wannan duka yake ɓacewa? Dalili na farko na harshe ne, kuma ya shafe mu kai tsaye mu malaman Hausa. Idan aka tambayi mace, "Kina aiki?" sai ta ce a'a, domin a bakin jama'a "aiki" ya koma aikin albashi, na gwamnati ko na kamfani. Idan kuwa aka ce, "Mece ce sana'arki?" sai ta lissafa biyu ko uku. Takardar tambaya da aka tsara da Turanci aka juya ta zuwa Hausa ba tare da lura da wannan ba, tana iya mayar da unguwa guda ta masu sana'a ta zama ta masu zaman banza. Dalili na biyu shi ne wanda ake tambaya. A binciken da mai gida yake amsawa a madadin iyalinsa daga zaure, yakan ce matarsa matar aure ce kawai, wani don kunya, wani don bai ma san jarinta ba.

Dalili na uku shi ne ma'anar aiki kanta tana sauyawa. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki kashi 33.3 ne cikin ɗari. A 2023 ta sake tsari, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya sauko zuwa 4.1 a farkon shekarar. Sabon tsarin ya fi iya kama mai ƙuli-ƙuli, wannan kuwa ci gaba ne. Sai dai ya ajiye ta a layi ɗaya da malamar makaranta mai albashi, bai kuma ce kome ba game da ribar da take samu. Wanda ya jera adadin 2020 da na 2023 ya ce mata sun ci gaba, mudu ya gani ya sauya, hatsin yana nan yadda yake.

Akwai kuma batun ƙasa da ruwa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a yankin Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce take shayar da gonakin noman rani na Kogin Kano a wajen Kadawa da Kura. Jackson, a maƙalarta ta 1978, ta bayar da labarin yajin aikin da mata 'yan ƙodago suka yi a waɗannan gonaki suna neman ƙarin lada. Waɗannan mata duk ma'aunin zai lissafa su cikin masu aiki. Amma tambayar da ta fi muhimmanci, wa ya mallaki gonar kuma wa yake karɓar kuɗin amfanin, ba ta cikin abubuwa biyar ɗin nan.

5.0 Ilimi

Hanyar da aka saba bi ita ce a raba yawan 'yan mata da ke rijista da yawan yara maza. Idan sakamakon ya kai ɗaya, sai a ce an sami daidaito. Bari mu ƙaddara aji mai maza 60 da mata 40. Bayan kaka maza 20 suka bi malami zuwa almajiranci, aka cire sunayensu. Yanzu maza 40, mata 40, lissafi ya ce an daidaita, alhali kuwa babu yarinya ko ɗaya da ta ƙaru. Haka nan rijista daban, zuwa makaranta daban, musamman ranar kasuwa da lokacin girbi.

Sannan ma'aunin yana ɗaukar ilimi da sana'a kamar abubuwa ne masu tafiya tare, a gidan kulle kuwa sau da yawa ja-in-ja suke yi. Yarinyar da take talla ita ce ƙafar uwarta zuwa kasuwa, da ribar tallan ne kuma ake tara kayan ɗaki. Ranar da ta zauna a aji, cinikin uwar ya ragu. Shirin da ya ƙidaya yaran da suka shiga makaranta bai ƙidaya asarar iyayensu mata ba, zai yi mamakin ganin aji ya watse bayan shekara biyu.

Har ila yau, matar da ta yi shekaru a Islamiyya, tana karanta Larabci da ajami, takan faɗa cikin rukunin waɗanda ba su da ilimi idan makarantar boko kaɗai aka tambaya. Jihar Kano ce ta kafa Hukumar Ba da Ilimin Manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har UNESCO ta yaba mata a 1983. Abin kunya ne a ce jihar da ta yi wannan ba a lissafa karatun matanta na bayan aure yadda ya kamata.

6.0 Wakilci

A wannan fanni dole mu yi wa ma'aunin adalci, domin abin da ya nuna gaskiya ne. Sai a 1976 aka ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Manufar ƙasa ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Duk da haka, bayan zaɓen 2023 mata huɗu ne kacal cikin 'yan majalisar dattijai 109, babu kuma mace ko ɗaya a kujeru 40 na Majalisar Dokokin Jihar Kano. Mazaɓun tarayya biyu na yankinmu, Ƙiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, maza ne suka ci su. Gyaran da muke nema shi ne a sauko ƙasa a ƙidaya mata a kujerun kansila, da kwamitocin kula da makarantu, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noman rani, domin a nan ake yanke shawarar da take taɓa mace a ƙauye kowace rana.

7.0 Kammalawa

Kada a fahimci wannan suka da cewa muna kira a watsar da ƙididdiga. Mutuwar mata wajen haihuwa da ƙarancin 'yan mata a sakandare abubuwa ne na zahiri, kuma wanda ya fake da raunin alƙaluma ya musanta su, ya cuci matan fiye da alƙaluman. Abin da muka nuna shi ne, mudun ya yi wa yankinmu girma ta fuskar wuri, ya kuma yi masa ƙanƙanta ta fuskar aiki da ilimi.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Na farko, Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kano ta riƙa fitar da alƙaluman kowace ƙaramar hukuma, maza daban mata daban. Na biyu, a tsara tambayoyi da Hausa tun daga tushe, a bambance aiki da sana'a da hidimar gida, mata su tambayi mata a cikin gida. Na uku, a ƙara auna mallakar gona da dabbobi da jari, da awoyin da mace take ɓatawa wajen ɗiban ruwa da itace da daka. Na huɗu, kwalejojin ilimi su shiga aikin. Ɗalibanmu da muke turawa koyon aikin koyarwa a makarantun karkara suna iya rubuta yawan yaran da suka halarci aji kowace rana, har da ranar kasuwa, a tsawon zango guda. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, zai kuwa ba mu adadin da rijista ba ta bayarwa.