Jinjina Ga Masu Komawa Aji Don Ƙirƙirar Magani

A Kamba da Bagudo na jihar Kebbi akwai magidanta da matan aure, wasu malaman sakandare, wasu ma'aikatan asibiti, da suka koma jami'a karatun kimiyyar haɗa sinadarai domin su zama masu ƙirƙirar magani. Wani ya nufi jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wata ta nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sun tabbatar da cewa gemu ba ya hana ilimi.

Aikin na masu haƙuri ne. A busar da ganye, a niƙa, a jiƙa, a tace, a ware sinadaran ɗaya bayan ɗaya. Sannan a duba a kwamfuta wanne ne zai shiga jikin ƙwayar cuta kamar mabuɗi cikin kwaɗo, kafin a shafe shekaru ana gwaji.

Wahalar ba ta tafiya a banza. Daga tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa maganin Niprisan domin masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi.

Yankin nan da ke bakin Kogin Kwara, inda zazzaɓi ke kwantar da yara kowace damina, yana buƙatar waɗannan bayin Allah. Gwamnatin Kebbi da masu hannu da shuni, ku tallafa musu da kuɗin karatu da kayan gwaji. Allah ya sa albarka.