Zobe ya maye gurbin bulala

Marubutan Faransa masu ƙago labaran duniyar gobe sun daina tsorata mu da ɗan leƙen asirin gwamnati mai baƙin tabarau. Dodon da suke nuna mana yanzu kamfani ne mai fara'a, wanda ke aiko maka da takardar biyan kuɗi a ƙarshen wata. Ina ganin sun hango gaskiya, kodayake akwai inda nake da ja.

Jagoran wannan salo Alain Damasio ne. A littafinsa Les Furtifs na 2019, gwamnati ta tsiyace har an yi gwanjon birane. LVMH, masu jakunkuna da turarukan alfarma, sun kwashe Paris, Nestlé ta ɗauki Lyon, garin Orange da ke kudu kuwa kamfanin waya na Orange ne ya saye shi, ko wahalar canza suna bai sha ba. (Mutanen Nijar sun san kamfanin, layinsa na aljihunsu kafin ya sayar ya fice a 2019.) Zama ɗan gari ya koma tamkar sayen data: mataki uku ne, kowa da ƙarfin aljihunsa. Mai ƙaramin mataki akwai titin da ba zai taka ba, akwai lambun da sai dai ya hango daga nesa. Mutane na sanye da zobe a yatsa, shi ke buɗe ƙofa, shi ke biyan kuɗi, shi ke kai rahoton duk inda ƙafa ta taka. Akwai masu ƙin sa shi, sai dai gari kan yi musu ƙunci.

Abin da ya burge ni shi ne ba bulala. A littafin 1984 na George Orwell, duka da azaba ake yi kafin mutum ya sunkuya. A nan kuwa da murmushi yake miƙa yatsa, don zoben ya sauƙaƙa masa rayuwa. Damasio ya fara wannan gardama da Orwell tun a La Zone du Dehors na 1999, wanda da gangan ya ajiye labarinsa a 2084: jama'a ke ba juna maki, matsayin da ka samu shi ke zama sunanka. Tushen tunanin na Gilles Deleuze ne, wanda a 1990 ya yi rubutu kan yadda iko ke barin katangar kurkuku da masana'anta yana bin mutum a fili. Lilia Hassaine ma ta bi sahu da Panorama a 2023, inda Faransawa suka zaɓi zama a gidajen gilashi, maƙwabci na kallon maƙwabci.

Ja na farko: marubutan sun yi saurin binne gwamnati. Dokar da ta ba da damar gwada kyamarori masu tantance motsin taro da kwamfuta saboda wasannin Olamfik na Paris, majalisa ce ta zartar da ita a 2023. Kamfanoni sun sayar da kayan aiki, hukuma ta sa hannu.

Na biyu ya fi damu na. Littattafan nan gwanaye ne wajen zana keji, amma da an zo ƙofar fita sai su koma waƙa. Mafitar Damasio wasu halittu ne da ke ɓuya inda ido ba ya kai, waɗanda da zarar an gan su sai su daskare, tare da 'yan tawaye masu kafa sansani a tsibirai da saman rufin gidaje. Da daɗin karatu, kusan shafi 700, amma wa ke da sukunin jefar da waya ya tafi tsibiri?

Ba dai Souleymane ba. A fim ɗin L'Histoire de Souleymane na 2024, wanda Boris Lojkine ya shirya, wani ɗan Gini ne mai neman mafaka ke kai wa mutane abinci a kan keke cikin Paris. Asusun manhajar da yake aiki da shi ma haya ya karɓa a hannun wani. Idan manhajar ta nemi hoton fuska, sai ya bar komai ya nemo mai asusun a guje, a ɗauka, sannan ya ci gaba da aiki. Ba a duniyar gobe aka ajiye labarin ba, ba a kuma ƙago masa zobe ba, amma ya fi tayar mini da hankali fiye da dukan biranen da Damasio ya sayar.