Wa Ya Aiko Ka?

Duk mai gabatar da shirin muhawara a rediyo ya san wannan tambaya. Baƙo zai kwashe minti goma yana jera hujjoji, ana buɗe waya sai mai kira na farko ya ce: "Malam, kai wa ya aiko ka? Nawa aka ba ka?" Shi ke nan an binne hujjojin, an koma tonon cikin mai magana. A ganina wannan ɗabi'a ta fi ƙarya lalata muhawararmu, domin ƙarya ana iya ƙaryata ta, zargin niyya kuwa ba ya da amsa.

Mu ɗauki Tazarce. A 2009 marigayi Tanja Mamadu ya nemi ƙarin shekara uku, a cewarsa don ya kammala manyan ayyuka: madatsar Kandaji, matatar mai ta Damagaram, da ma'adinin Imuraren. Ƴan adawa suka ce tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, kuma ya hana a taɓa wannan aya. Amsar magoya baya ita ce: ai su Mahamadu Isufu da Mahaman Usman kujerar suke so. To, suna so mana! Wane ɗan siyasa ne ba ya so? Amma kwaɗayinsu bai goge ko harafi ɗaya daga kundin ba. Kotun tsarin mulki, wadda ba ta takara da kowa, ita ma haka ta yanke a watan Yuni, aka rusa ta. Aka yi zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta, sojoji suka karɓe mulki ran 18 ga Fabrairun 2010. Matatar kuwa an buɗe ta a 2011, Tanja ba ya kan kujera.

Sai dai masu adawar ma ba su tsira ba. Da Tanja ya matsa wa kamfanin Areva a 2007 da 2008 har aka ƙara farashin uraniyom, akwai waɗanda suka ce neman suna ne kawai. Ko da neman sunan ne, maganar cewa ana sayen arzikin Arlit da araha tana nan daram, lissafi ne da kowa zai iya bi. Mutum ɗaya ne, ya yi gaskiya a nan, ya kauce a can, kuma sanin zuciyarsa ba zai nuna maka wanne ne wanne ba.

Ban ce niyya ba ta da wurin zama ba. Idan baƙo ya ce min "na ga an raba kuɗi da idona", shaida ce, ba ni da hanyar tantancewa sai ta hanyarsa, dole in tambayi wane ne shi, me kuma zai samu. Ko alƙali ba ya karɓar shaidar mai riba a cikin shari'a. Amma idan ya ce "aya kaza ta hana kaza", kundin yana nan, mu buɗe. Yawancin masu kira suna cakuɗa waɗannan biyu, wasu abokan aikina kuma suna ƙyale su, don zargi ya fi karatun aya jan masu sauraro.

Shi ya sa a shirina, idan mai kira ya fara da "an saye shi", nakan ce: na ji, mu ɗauka an saye shi, yanzu a cikin abin da ya faɗa wanne ne ba daidai ba? Wasu sukan kashe waya. Wasu kuma sukan yi shiru kaɗan, sannan su kawo hujjar da ta fi ta baƙon ƙarfi.