Fim ɗin Trance da masu jin haushinsa

Trance, fim ɗin Indiya na 2020, barkwanci ne mai ɗaci. Fahadh Faasil ya fito a matsayin faston bogi da 'yan kasuwa suka horar don ya sayar da mu'ujizai. Wasu masu bi sun ce an ci mutuncin ikilisiya, wasu suka ce asiri aka tona. Ina tare da na biyun, ko da yake ƙarshen fim ɗin ya yi rauni. Masu fushi ba su cika ambaton yarinyar da ta mutu ba, wadda mahaifinta ya dogara ga man shafawa ya ƙi asibiti. Mu da muke ziyarar marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano, kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, membobinmu nawa ne wa'azinmu ya sa suka iso a makare?