Babbar kular mai ba ita ce maganin zafin Daura ba

Idan ka saba zama a garejin kanikawa a Daura, ko a Katsina da Kano, akwai maganar da ba za ka rasa ji ba: wai motar da aka ƙera don ƙasar sanyi, in ta zo nan sai an yi mata gyaran ƙasar zafi. Gyaran kuwa sananne ne. A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta, a zuba baƙin mai mai kauri. Masu kuɗin cikinsu, musamman samari masu son motar gudu, sukan ƙara da ɗaura ƙatuwar kular mai, wato wancan ƙaramin lagireton da ke sanyaya baƙin mai. Tunanin dai ɗaya ne: duk abin da ya ƙara sanyi alheri ne. Wannan tunani rabinsa gaskiya ne, kuma rabin da ba gaskiya ba shi ke cin injina.

Don ka ga abin sarai, bari mu ɗauki injin da ya dogara sosai da baƙin mai wajen sanyaya kansa, wato injin Wankel mai juyi. Ba kasafai za ka gamu da shi a hanyar Daura zuwa Kwangwalam ba, amma darasinsa ya shafi Golf da Corolla da ke bin hanyar kullum.

Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara tayar da samfurinsa a kamfanin NSU a 1957. Babu fistin mai hawa da sauka a cikinsa. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin gida mai siffa kamar kwanson gyaɗa, kowace fuska tasa tana zuƙar iska da fetur, ta matse, ta ƙone, ta fitar da hayaƙi. Kamfanin Mazda na Japan ne ya riƙe shi da gaske: Cosmo Sport a 1967, RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sai RX-8 daga 2003 zuwa 2012. A 1991 motarsu 787B ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da irin wannan inji.

To ina baƙin mai ya shigo? Ruwan lagireto yana zagaya gidan injin ne kawai, ba ya isa cikin ƙarfen da ke juyawa. Shi wannan ƙarfe, da wuta ke ci a fuskokinsa, baƙin mai ake fesa masa ta ciki ya kwashe zafin. Shi ya sa kaso mai yawa na zafin injin, kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙiyasin da aka saba yi, ta mai yake fita. Sannan akwai ɗan famfo da ke ɗiga man cikin ɗakin ƙonewa da gangan, don ya shafe siraran ƙarafan da ke toshe iska a kan kusurwoyin nan uku. Su ne lagon injin. Saurin lalacewarsu ne ya jefa NSU cikin asara da motarta Ro 80, har Volkswagen ya saye kamfanin a 1969. Ka ga a wannan inji kular mai ba ado ba ce. RX-8 da kularta take fitowa daga kamfani, wasu ɗaya, wasu biyu, a gefen gaba bayan bamba.

Nan masu cewa a ƙara girma suke da hujja, kuma ba za a raina ta ba. Kula tana zubar da zafi ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin mai da zafin iskar da ke ratsa ta. Ɗauka mai yana digiri 110 a ma'aunin Selshiyas. A ƙasar da iska take digiri 20, tazarar 90 ce. A Daura cikin Afrilu ko Mayu, da rana tsaka, in iska ta kai 42, tazarar ta koma 68. Kula ɗaya, gudu ɗaya, amma aikinta ya ragu da kusan kwata. Ƙara da ƙurar da ke liƙe wa siraran haƙoranta. Mai kuwa in ya yi zafi fiye da kima sai ya tsinke, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe, kuma masana man inji suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Saboda haka mai RX-8 da ke taka ta zuwa juyi 9,000 a minti a bazarar Daura, in ya ce kularsa ta yi kaɗan, ba shirme ya faɗa ba.

Inda maganar ta karkace shi ne ɗaukar cewa sanyi ba shi da iyaka. Ga abin da ba a cika faɗa maka ba: duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. Yawancinsa yana fita ta salansa a matsayin tururi, shi ne kake gani yana ɗiga da safe. Amma kaɗan yana sulalewa cikin baƙin mai, tare da ɗanyen fetur da bai ƙone ba. Abin da ke korar su shi ne mai ya yi zafi, ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, ya daɗe a haka. In ka ɗaura ƙatuwar kula babu tamostat, sai ka fito da asuba cikin Janairu, lokacin da hunturu ke sauke Daura ƙasa da digiri 15, ka je kasuwa ka dawo, man bai taɓa ɗumi ba. Ruwa da fetur suna taruwa, mai yana zama dagwalo. Kuma mai sanyi kauri gare shi, sai ya bi doguwar hanya ta tiyo da kula kafin ya isa inda ake jiransa. Ba banza ba Mazda ta sa wa kularta tamostat da ke hana mai shiga har sai ya yi zafi. Wanda ya sayi ƙatuwar kula ya jefar da wannan, ya biya kuɗi ne ya rage wa motarsa wayo.

Wani abin kuma, girma a ido ba shi ne aiki ba. Kular da aka ɓoye bayan lagireto tana shan iskar da ta riga ta yi zafi. Wadda aka dasa a gabansa tana tare masa iska, ka sanyaya mai ka dafa ruwa. Wadda ba a yi mata hanyar iska ba, iskar zagaye ta take yi, don iska ma ba ta son wahala. Tiyo in ya yi siriri yana karya ƙarfin turin mai, kuma kowane sabon haɗi wuri ne da zai iya yoyo. A injin Wankel, tiyon mai ya fashe a kan gudu, kafin ka gangara gefen titi an gama.

Yanzu dawo kan motar da kake hawa. Cire tamostat ɗin ruwa ɗan'uwan wannan kuskure ne. Gaskiya kanikawa ba haka kawai suka tsane shi ba: sun ga tamostat ya maƙale a rufe, mota ta tafasa, gasket ya ƙone, kuma jabun kaya sun cika kasuwa. Amma maganin wanda ya lalace shi ne mai kyau. Motocin zamani suna da kwamfuta da ke duba zafin ruwa; muddin ta ga inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba sai an yi maka lissafin wannan ba. Abin mamaki ma, a injina da yawa tamostat shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Cire shi, sai wani ɓangaren ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanyar, motar ta yi sanyi da safe, ta yi zafi da rana a kan hanyar Kazaure zuwa Kano.

Sau da yawa abin da ake kira zafin ƙasa, datti ne. Lagireton da aka shekara ana zuba masa ruwan rijiya ya yi tsatsa da ɓawo a ciki, murfinsa ya daina riƙe matsi, ƙura da ƙwari sun toshe fuskarsa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana ɗaga wannan zuwa wajen 120. Murfin nan bai kai kuɗin tiyo ɗaya na sabuwar kula ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a duk wannan muhawara shi ne ana yin ta babu awo. Allurar zafi da ke gaban direba ta ruwa ce, ba ta mai ba, kuma a motoci da yawa an tsara ta ta tsaya a tsakiya har sai abu ya yi nisa. Kafin ka sayi kula, sa ma'aunin zafin mai, ka bi hanyar da ka saba a watan da ya fi zafi. In mai yana zama tsakanin 90 da 110, bar kuɗinka a aljihu. In yana haura 120 yana daɗewa, wanke kular da kake da ita tukuna, ka duba ko iska na isa gare ta. Sai in hakan bai yi ba, ka nemi wadda ta fi ta kaɗan, mai tamostat, da tiyon da bai gaza na asali faɗi ba, ka kuma tuna cewa za ta ƙara yawan man da injin ke ɗauka. Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ɗalibi ɗaya da ma'auni biyu da motar haya ɗaya, ya auna zafin mai da na ruwa daga hunturu zuwa bazara, da tamostat da kuma babu, zai ba kanikawan garin alƙaluman da za a iya ajiyewa a kan bonet a yi gardama a kansu.