Masu Rabon Kifi a Tokelau

A Tokelau, tsibirai uku a tekun Pasifik masu mutane kusan 1,500, akwai al'adar da suke kira inati. Idan mazan gari suka fita kamun kifi tare, a fili ake zube shi, masu rabo su kasafta bisa yawan bakunan kowane gida, jariri da tsoho duk kai ɗaya. Masu rabon nan sun cancanci jinjina, don sai sun riƙe lissafin haihuwa da rasuwa da wanda jirgin ruwa ya kai Samowa. Wani zai ce irin wannan rabo na kashe gwiwar mai ƙwazo. Amma gwanin masunci ya san tsufa na tafe, kuma matar da ba ta da mai shiga mata teku, wannan kason ne cefanenta.