3.3 Sharhi a Kan Madogaran Asali na Koyar da Tarihin Iyakar Illela da Ƙonni

Kamar yadda aka yi bayani a babin da ya gabata, madogara ta asali ita ce wadda ta fito daga hannu ko bakin wanda ya rayu a zamanin da ake magana a kai. Matsalar malamin tarihi a Darna Sabon Gari ita ce, ɗalibansa suna ƙetara iyaka zuwa Birnin Ƙonni don kasuwa da zumunci, amma da wuya su iya faɗin yadda aka yi iyakar ta ratsa tsakaninsu da danginsu. Wannan sashe zai auna madogarai iri uku da malamin zai iya amfani da su.

Na farko su ne rubuce-rubucen masu jihadi, musamman Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello (1812), da wasiƙun da ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Darajar Infaƙul Maisuri ita ce, marubucin ya halarci yawancin yaƙe-yaƙen da ya bayyana. Sai dai ya yi rubutun ne a matsayin jagoran ɓangare ɗaya, don haka ba a jin muryar Gobirawa a ciki. Bugu da ƙari, littafin ya girmi iyakar da kusan shekara ɗari. Zai amfanar wajen shimfiɗa darasi, amma ba zai amsa tambayar ɗaliban ba.

Na biyu su ne takardun Turawa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta sanya Ƙonni a rabon Ingila. Gyare-gyaren 1904 da 1906 ne suka dawo da layin kudu har Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Waɗannan takardu sun fi kowace madogara daidaiton shekaru da nisan wurare. Rauninsu shi ne, an ƙulla yarjejeniyoyin ne a Turai ba tare da shawarar mazauna wurin ba. Haka kuma rahotannin Lardin Sakkwato da ke gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna sun fi damuwa da haraji da ƙidaya, kuma sun biyo ta bakin tafinta.

Na uku shi ne tarihin baka. A bakin dattawa da maroƙa ne ake samun labarin ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine ya yi a Ƙonni a watan Mayu na 1899, da labarin gonaki da zuriyoyin da iyaka ta raba. Amma ya kamata a lura cewa babu wanda ya ga waɗannan abubuwa da ya rage a raye. Abin da ake ji yau ya biyo ta bakin kaka da uba, ya sha ƙari da ragi, kuma ba ya riƙe shekara.

Bisa wannan nazari, babu madogara ɗaya da ta wadatar. Abin da ya dace shi ne malami ya fara da tambayar darasi, sannan ya zaɓi madogarai biyu masu saɓani, misali taswirar 1898 da bayanin wani dattijo, ya bar ɗalibai su tantance wane ne ya faɗa, yaushe, kuma don wa. Idan aka tsaya ga takardun Turawa kaɗai, ɗalibi zai tashi yana ɗaukar mutanen Ƙonni a matsayin baƙi, alhali kuwa zumuncin ya girmi iyakar.